Ranar da Na Kira Ɗana da Sunansa

Ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba. Haka na taso na ga uwata tana yi a unguwarmu ta Alhilla Kuku, ita ma haka ta gani wajen tata uwar, wadda ta baro Kano da niyyar hajji, tafiyar ta ƙare mata a nan. Ɗan fari akwai kunya. Idan ina neman sa sai in ce, "Kai, zo nan." Wata maƙwabciyata Balarabiya takan tsokane ni: "Kin iya naƙudarsa, amma sunansa ya fi ƙarfin bakinki?" In yi murmushi, a raina ina ganin mun fi su tarbiyya.

Ya girma yana aikin ƙona jan bulo a unguwar Aljirif. Da yaƙi ya shigo gari, wata safiya ya fita neman garin dawa, bai dawo ba.

Bayan watanni aka ce an saki wasu da aka tsare, suna harabar wani asibiti a birnin Umdurman. Maigida ba ya iya taka ƙafa, sai muka tafi ni da ƙanwarsa. Na ƙunsa dabino a bakin mayafi.

Mun same su kwance a ƙasa cikin inuwar katanga, an aske musu kai, sun rame har fuska ba ta nuna mai ita. Wasu ba sa buɗe ido. Mata suna bin su suna kiran sunaye, ko wani zai motsa. Ƙanwar maigida ta yi ta kira har muryarta ta dushe, ni kuwa ina bayanta ina leƙa fuskoki.

Ta juyo ta ce, "Yaya, ba gida muke ba. Ke ki kira. Muryarki zai fi ganewa."

Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. Ta yaya zai gane? Bai taɓa jin sunan nan da muryata ba. Da ƙyar na ce, "Isma'ila," ni kaina ban ji ba. Na sake, da ƙarfi.

Wata ma'aikaciyar jinya tana kusa tana raba ruwa, Kirista ce, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Hajiya, sunan nan yana cikin littafinmu. Asalinsa Ibrananci ne, Yishma'el. Ma'anarsa Allah yana ji. Uwar mai sunan ma a jeji ta yi kuka, aka ji ta."

Alheri take nufi, na sani. Amma maganar ta sauka a ƙirjina kamar garwashi. Ban taɓa shakkar jin Allah ba. Jin yaron nake nema. Kuma uwar da take faɗa, ai an bar mata nata a gabanta.

Can gefe wani ya ɗaga hannu. Na yi tuntuɓe da ƙafafun mutane kafin in isa. Ba shi ba ne. Dattijo ne, haƙoransa na gaba sun zube.

"Ni ne," ya ce. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, malam. Ɗana nake nema."

Ya dube ni ya ce, "To, sake faɗa. Na kwana biyu ba a kira ni ba."

Ban sake ba. Na kwance bakin mayafina na zuba masa dabinon a tafin hannu, na wuce. Sunan da na hana wanda na haifa, ban ga yadda zan riƙa raba wa baƙo shi ba.

Sai da na yi nisa na ci gaba da kira, mutum bayan mutum, yanzu bakina ya saki kamar na saba. Na kai ƙarshen katanga, inda aka jingine gadajen ƙarfe da suka karye. Daga nan babu kowa.

Ƙanwar maigida ta riƙo hannuna ta ce, "Yaya, mu je kada mu rasa mota."