Turancin Karɓo Jirgin Surukina

An kai ni elementare a Wurno ina yaro. Bayan wata biyu ni da malamin munka yarda babu amfanin mu ci gaba da ɓata wa juna rai, na koma gona. Ɗan Turancin da nake da shi a yau, mafi yawansa cikin mako biyu na tara shi, kuma jirgin surukina ne sanadi.

Surukina masunci ne a wani ƙauye bakin Rima, wajen Goronyo. Jirgi guda gare shi, da shi yake ciyar da gida. Ni manomin albasa ne, shekarata ɗaya da auren ɗiyarsa. Da ruwa ya fara ja na so in ƙetarar da taki da dashe zuwa fadama, sai na aiki matata ta aro mani jirgin, don mutum ba ya buɗe baki ya roƙi surukinsa abu ido da ido. Ya bayar kwana biyu. Ya ce kada a wuce haka, lokacin kifi ya kama.

Rana ta biyu ina bakin gulbi da kwandon taki a kai, sai ga dogari da masinja. Sunka ce Bature mai auna ruwa yana bukatar jirgi, aikin gwamnati ne. Sunka kwance shi sunka tafi. Ban ma sauke kwandon ba.

Matata ta ce, "Kai za ka gaya ma Baba ko ni?"

Na ce, "Babu mai gaya mashi."

"To ai ka makara, mai tallan daddawa ta riga ka."

Surukina bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Da ya aiko da zagi da na fi samun sauƙi. Labari kawai nake ji, wai kullum da safe yana zama bakin ruwa da tarunsa a cinya, yana kallon jiragen mutane suna dawowa da kifi.

Na je inda Bature ya kafa tanti. Tafintansa wani mutumin Rabah ne mai alƙalami biyu a aljihu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce Bature ba ya ganin kowa sai da takarda. Na ce wa ke rubuta takardar? Ya ce shi. Na ce to rubuta. Ya ce ba shi da lokaci. A hanyar gida na yanke shawara: tunda ƙofar Turanci mutum ɗaya ke tsaronta, zan haura ta katanga.

Ina da kawu a Magarya wanda ya yi soja a yaƙin Turawa. Na same shi yana gyaran rumbu.

"Kawu, in abu ya bar wurinai kana son shi koma, mi Turawa ka cewa?"

Ya sauko daga tsani ya miƙe ƙyam. "Azuwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ɗan nema. In muna fareti munka juya ba daidai ba, saje ya ce azuwa, kowa sai ya koma yadda yake da. Mutum ɗari, kalma guda. Amma da ƙarfi ake faɗinta. In ka sa ladabi ba ta ci."

Ban yarda in je gaban Bature da kalma ɗaya ba, kada ta ƙi tashi. Ran kasuwar Achida na tare wani direban lori yana shan fura, na ba shi goro na yi masa tambayar. Ya ce, "Ribas. Ka ga motar can? Da kaya da mutane da awaki, in na sa mata ribas sai ta koma inda ta fito." Ya ƙara mani da wata, kambak, amma na yar da ita a hanya don ta yi mani kama da zagi. Sauran biyun na gwada su a kan jakina daga Achida har gida. Bai ko kaɗa kunne ba. Na yi masa uzuri, shi ko wata biyun elementare bai yi ba.

Washegari da hantsi na bi gaɓa har na hango su. Bature yana tsaye cikin jirgin da wata doguwar sanda mai zane-zane, tafinta yana zaune da littafi. Masu tuƙin manoma ne guda biyu da anka kamo daga tudu, jirgin sai juyawa yake kamar faifai. Na cika ƙirjina da iska.

"Ribas! Ribas!"

Bature ya zauna daɓas, hularsa ta faɗa ruwa. Ya yi ta nuna gaɓa yana ihu, manoman sunka yi ta dukan ruwa har Allah ya kawo su tudu. Ya fito fuskarsa ja kamar gauta. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, mi ka gani cikin ruwa? Kada ne?"

Na ce, "Jirgin surukina na gani."

"Wagga ba maganar da za a juya ma Bature ba ce."

Tafinta ya yi wa dogari alama. Dogarin ya nufo ni yana warware bulala. Kalma ɗaya ta rage mani, kuma ban ga amfanin in mutu da ita a baki ba. Na haɗa ƙafafuna yadda Kawu ya yi, na nuna jirgin, na nuna wajen ƙauyen surukina, na kwarara ta.

"Azuwa!"

Ashe dogarin tsohon soja ne. Ya tsaya cak, ya ja ƙafa baya, hannuwa a gefe, kafin ya tuna ni ba sajensa ba ne. Baturen ma ashe hafsa ya yi a soja. Ya dubi dogari, ya dube ni, sai dariya ta kama shi har da tari. Da ya lafa ya sa tafinta ya juya maganata duka, tun daga kwandon taki.

Hukuncin da ya yanke bai yi mani daɗi ba. Ya ce saura aikin kwana tara, jirgi ba zai fita ba sai an gama. Amma manoman nan biyu za su kifar da shi wata rana. Ya tambaya ko na iya tuƙi.

Na ce tun ina goye nake tuƙi. Gaskiyar magana, tuƙina duka na kwana biyun nan ne na jigilar taki. Haka na zama matuƙin Bature. Ban fi manoman gwaninta ba sosai, sai dai su ba su da suruki da ke jira. Kafin Bature ya gama shayi na riga na kwance jirgi, in ya ce a huta sai in yi kamar ban ji ba. Aikin kwana tara munka gama shi a shida.

A cikin kwanakin ni da tafinta munka saba, don ni ke riƙe da ransa a kan ruwa. Na tambaye shi wace ce kalmar gaskiya da ya kamata in faɗa. Ya ce ai ba ɗaya ba ce. Abin da anka ara da tasa kalmar, abin da ya ɓace anka gano da tasa, majinyacin da ya warke da tasa, abin da ya lalace anka gyara, har ma'aikacin da anka kora anka maido. Ya yi ta zubo su. Biyu kawai sunka zauna mani, ritan da rikoba, kuma har yau in anka matsa mani ba zan iya cewa wace ce ta majinyaci ba.

Na ce, "To abin da hukuma ta ɗauka fa, Malam?"

Ya dubi ruwa. "Wannan ba a koya muna ba. In sun maido, godiya akan yi."

Kafin a sallame ni Bature ya sa anka liƙe wani tsohon tsagi a cikin jirgin da kwalta, don ya gaji da jiƙa takalma. Na tuƙa shi har ƙauyen surukina. Rabin kifin shekarar ya riga ya wuce, kowa ya sani. Na ɗaure jirgin, na cire takalmi, na durƙusa can nesa kaina ƙasa.

Ya taso a hankali. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya danna kwaltar da babban yatsa, ya sunsuna. Bai dube ni ba. Sai ya yi wa ƙanensa da ke tsaye a gefe magana.

"Tambaye shi, Baturen ya gama da jirage?"

Na ce wa ƙanen, "Baba, ya gama."

Surukina ya ce, "Kash. Akwai wani tsohon jirgi bayan gida, shekara uku da tsagewa. In ya dawo baɗi a kai mashi shi auna ruwa da shi."

Ya jefa tarunsa ciki, ya shiga, ya tura.