Ƙofofin Gidan Auta

A ma'aikatar ƙofofin da take aiki, har manaja Mai Gam yake ce mata. Shekararta ashirin da uku a gindin inji ɗaya, kuma gam ɗin ya cinye zanen babban yatsanta har wayarta ta daina gane ta. Kullum sai ta dangwala sau biyar, wayar ta ƙi buɗewa, ita kuma ta ce mata marar tarbiyya.

Aikinta a baki ba wuya. Takarda ce mai kauri, ruwan ƙasa, take warwarowa daga naɗi, inji yana ja mata layukan gam a jere. Layin kowace takarda sai ya faɗa daidai tsakiyar layuka biyu na wadda ke ƙarƙashinta. A tara su, a danne, su bushe, a yayyanka. Idan ka kama bakin yanki ɗaya ka ja, sai ya buɗe ya zama saƙar zuma, kowane ɗaki kusurwa shida. Ita ake shimfiɗawa tsakanin siraran katako biyu a yi ƙofa. Mai Gam ce ke gadin layukan nan. Bakin gam ɗaya ya toshe, kafin injin ya yi tari ta riga ta kashe shi. Mijinta yana cewa ko labule ta gani a gidan mutane, sai ta karkata kai ta duba ko layinsa ya miƙe.

To, da ƙaninta Auta ya gama ginin gidansa, ita ta ba shi shawarar ƙofofin ciki. Guda shida, na ma'aikatarsu. Ta yi ta zuba masa: ba nauyi, ba sa lanƙwashewa, hinji, ƙarfen da ake rataye ƙofa da shi, ba ya gajiya da su. Auta ya saya.

Ranar Asabar da hantsi sai ga wayarsa.

"Yaya, ashe kwali kika sa na saya?"

"Me ka ce?"

"Kafinta ya huda wajen makulli, takarda ce ke fitowa! Mariƙin ma ya biyo hannunsa. Ya ce in mayar da su duka yau, ya yi mini na katako."

Ba ta ko yi sallama ba ta kashe. Kwali! Yaron da ta goya har bayanta ya ƙage, yau shi ke ce wa aikinta kwali. Kuma ta san Auta: kafin la'asar duk dangi sun ji cewa Yaya ta cuci ɗan'uwanta, ranar Litinin kuma mota ta sauke ƙofofi shida a bakin ma'aikata, a gaban mutanen da ta koya wa aiki. Ta zuri mayafi da jaka. Mijinta ya ce ko ya raka ta? Ta ce ya zauna, ba ta son shaida mai tausayi.

Ta tarar da Auta da kafintan a falo, ƙurar siminti ko'ina, ƙofofi biyar a jingine, ɗaya a rataye da rami a gefenta. Kafintan mutum ne mai jiki, fensir a bayan kunne, yana ta zaro takarda daga ramin yana nuna wa Auta kamar ya kamo ɓera.

"Hajiya, ni shekarata talatin ina wannan sana'a," ya ce, "ban taɓa ganin an rufe ɗaki da abin naɗe tsaraba ba."

"Sannu da shekara talatin, malam. Tsaya nan."

Ta buɗe jaka. A cikinta, kusa da man zafi, kullum akwai yankin saƙar nan a ninke, bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta ja shi ya buɗe, ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗora guntun falanki a kai.

"Hau," ta ce wa kafintan.

"Ni?"

"A'a, ni da na zo da ciwon gwiwa. Hau mana!"

Ya ɗora ƙafa ɗaya a tsorace, ya ƙara ta biyu. Shiru. Ta ce ya yi tsalle. Ya ɗan girgiza, tumbinsa ya taya shi, takarda ko gezau.

"To amma Yaya," Auta ya sa baki, "mariƙin fa?"

"Kai rufe mini baki, ina zuwa kanka. Jawo kujerar can."

Ta sa Auta ya hau ya leƙa saman ƙofar da aka rataye. Me ya gani? Ya ce jan tambari. A wane gefe? Ya ce gefen hinji.

"Madalla. Wannan tambarin, nan ne aka saka guntun katako a ciki don makulli. Kowace ƙofa da shi take fita. Malam mai shekara talatin ya juya ta, ya ɗaura hinji a wajen makulli, ya huda makulli a wajen takarda. Ƙusa ta kama me? Iska?"

Kafinta ya cire fensir, ya mayar, ya ce ai ba wanda ya gaya masa a duba sama.

"Ni kuwa wa ya tambaye ni kafin a ce mini mai sayar da kwali?"

Auta ya sauko yana sosa ƙeya. "Yaya, ki yi haƙuri. Ba inda za su."

Ba ta amsa ba. Ta durƙusa da ƙyar gaban ƙofar da aka ɓata, ta kunna fitilar waya bayan dangwale na biyar, ta leƙa ramin. Can ciki ɗakunan saƙar suna nan a jere, kowane layi a miƙe, ba wanda ya saki ɗan'uwansa. Ta daɗe tana kallo.

Auta ya ce zai kai wannan ɗin ɗakin ajiya, a toshe ramin.

"Ɗakin ajiyar wa? A juya ta, a sa mata makulli inda ya dace, a rataye ta a ɗakinka. Ramin kuma kada wanda ya taɓa shi."

Har yau yana nan. Duk baƙon da ya tambaya, Auta yakan ce aikin yayarsa ne a ciki, ya leƙa ya gani.