Yabon Kaina da Ya Fito a Fatakwal

Ni tsohon akawu ne, na koyi aiki a kan keken rubutu a zamanin da kuskuren harafi ɗaya ke sa a yage takarda. Da na yi ritaya a Uwani, cikin Inugu, ƙungiyar mahauta da fataken shanu ta naɗa ni magatakarda. Babbar kwamfutarmu tana ofishin Trans-Amadi a Fatakwal. Daga ɗakina nake shiga cikinta ta intanet, allonta ya bayyana a kan tawa tamkar ina zaune a can. Mutumin da ya haɗa tsarin ya so ya nuna mini wani ɗan akwati a kan allo da ake sa wa alama kafin a shiga, domin kwamfutar can ta san da firintar da ke kan teburina. Na sallame shi, na ce na girmi a koya mini buga takarda.

Sa'ad da ƙungiya ta shirya karrama ni, na ji tsoron kada jawabin ya gaza darajata. Sai na rubuta shi da kaina, domin aminina, sarkin fawan unguwarmu, ya karanta. A samansa na roƙe shi ya nuna kamar shi ya tsara. A ciki na kira kaina ginshiƙin al'umma, mai tawali'un da ba ya son a ambace shi. Na danna umarnin bugawa, firintata ba ta motsa ba. Na gyara wayar firintar, na ƙara takardu, na yi ta dannawa har na gaji, ban ko dubi sunan firintar da allo ya zaɓa ba.

Ashe duk a Fatakwal suke fita. Mutanen ofis suka ga tarin takardu ba mai nema, suka raba wa masu nama na bakin mayanka. Aminina ya kira ni, muka gaisa a natse, sannan ya ce an aiko masa kilishi daga Fatakwal a naɗe cikin tawali'una, yaji ya ɗan ɓata wajen ginshiƙin, amma yana karantuwa.

Ranar taron bai riƙe takarda ba. Ya ce kawai ni mutum ne da bai taɓa makara a jana'izar ɗan ƙungiya ba, ya zauna. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta cikin abin da na rubuta. Ban ɗaga kaina ba har aka tashi.

'Yan'uwana dattawa, ku saurari mai koya muku, ku duba sunan firinta kafin ku danna. Yabo kuwa, ku bar shi a bakin waɗanda suka zauna da ku.