Hantar Kawu

Kawuna mahauci ne a kasuwar Tambuwal, kuma taurin kansa ya wuce misali. Ko da cikinsa ya fara kumbura, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, sai da na yi masa kuka kafin ya yarda muka tafi asibitin birni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ba ni da wani uba sai shi.

Likitar da ta duba shi ta ce za a yi masa allurar wani ruwa mai ɗauke da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda ƙwayar ƙura ma ƙatuwa ce a kansu. Jini zai kai su hanta, kuma allurar guda za ta ishi na'ura biyu ɗaukar hoto, a haɗa hotunan wuri ɗaya. Kawu ya ce ya daɗe yana sa wa shanu ƙarfe, yau ga shi an rama musu. Ni ban yi dariya ba.

A ƙofar ɗakin na'ura mai maganaɗisu aka ce ya cire duk wani ƙarfen da ke jikinsa. Ya miƙo mini zobe, sannan ya jima kafin ya zaro 'yar wuƙar da ban taɓa ganinsa babu ita ba. Na jefa ta a jaka.

Da aka kira mu ganin hoton, hantar ta fito baƙa ƙirin, sai wasu fararen tabbuna a warwatse. Baƙin ne ya tsorata ni. Don wauta har na nuna farin da yatsa, na ce alhamdu lillahi, da sauran wuri mai lafiya.

Kawu bai kula ni ba. Ya matsa kusa, ya ƙura wa hoton ido yadda yake duba kayan ciki a mayanka.

"Ɗiyata," ya ce, "da wagga anta ta saniya ta, ba ni aza ta bisa tebur."

Likitar ta sunkuyar da kai. Ta ce lafiyayyen nama ne ke shanye ƙwayoyin ya yi duhu, inda ya kasa sha kuwa nan ne farin.

A mota, a hanyar komawa gida, mun wuce garin Jabo, na ciro wuƙar na miƙa masa. Ya dube ta, ya mayar da idonsa kan gonakin dawa.

"Bar ta nan wurinki," ya ce.