Mai Fitila da Teburin da Ya Dawo da Tela

Kullum safiya, kafin sauran masu shagunan layin su gama hamma, shi ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa, ya share gabanta, ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi ya yi zafi. Sai ya ɗora tabarau a karan hanci ya tsaya yana duban majinyatansa. Talabijin ce a kan talabijin har kusa da rufi. Wata ta makance, wata ta kurumce, wata kuwa mai ita ya rantse jiya-jiya lafiyarta ƙalau, alhali gizo-gizo ya yi 'ya'ya da jikoki a cikinta. Ba ya musu da kowa. Ya kwance bayanta da sukundireba, ya sa mita, ya yi ɗan tsaki, ya ce a dawo jibi. Ya fi shekara talatin a kan wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ga wanda ya koya wa sana'a, ya koma gida ya huta.

Gyaran talabijin dai ya yi shi tsakaninsa da Allah, duk layin sun shaida. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau yana ɗakin bayan shago ne, inda ake taruwa duk ranar Asabar da yamma.

A can ake wasan labari. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba shi da wuya. Mutane ne za su kewaye tebur, kowa ya ɗauki wani jarumi ya zama shi. Mutum ɗaya ne ke jan labarin. Shi zai ce kun iso bakin kogo, ga duhu, ga wari, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwayar lido mai fuska da yawa, ita za ta nuna an yi nasara ko an kwashi kunya. Mai jan labarin a ɗakin nan shi ne mai gyaran talabijin. Kuma saboda ba ya taɓa nuna wa 'yan wasa taswira sai daidai inda hasken fitilar jarumansu ya kai, suka laƙaba masa Mai Fitila, har sunan ya bi shi kasuwa.

Abokan teburin uku ne da ba sa fashi. Akwai ƙanwarsa, wadda nas ce, kowa na ce mata Anti Nas. Duk mako tana ɗaure rauni tana lallashin marasa lafiya, don haka ranar Asabar ƙaton gwarzo mai guduma take zama, ba ta san lallashi ba. Akwai Direba, wanda ya san kowane lungu na gari, amma jaruminsa bai taɓa shiga kogo ya fito ta inda ya shiga ba. Sai kuma Tela, abokin Mai Fitila tun suna samari, mutum mai tumbi da sanyin tafiya, wanda a cikin labari shi ne siririn mai leƙen hanya da ke shiga gaba ya duba tarko. A da a kan babbar takarda Mai Fitila ke zana taswira, ya rufe wuraren da ba a kai ba da ƙyallayen da Tela ke kawowa daga shagonsa. In an shiga sabon ɗaki a ɗaga ƙyalle ɗaya.

Mai Fitila ne ya fara lura cewa wani abu na damun Tela. Wata Asabar Tela ya ɗauki ɗan gunkin da ke wakiltar jarumin Direba a kan taswira ya tura gaba a zaton nasa ne, aka yi dariya. Wata Asabar ɗin ya tambayi inda ƙofa take alhali yatsansa na kanta, aka sake dariya, amma wannan karon Mai Fitila bai yi ba. Daga nan uzuri ya fara yawa: yau baƙi, gobe ciwon baya. Anti Nas ce ta raɗa wa yayanta gaskiya. Idanun Tela sun yi rauni, an yi magani an canza tabarau, abin da ya rage shi ne ya rage. Ya riga ya bar wa yaransa keken ɗinki, domin ko zare ba ya iya sa wa allura.

Wannan magana ta tsaya wa Mai Fitila a rai. Ya san abokinsa. Mutumin da ya rasa allura, in ya rasa teburin nan ma, zai shige ɗaki ne ya ja labule, shi ke nan sai dai a riƙa zuwa gaishe shi kamar mara lafiya. Ya je gidansa, Tela ya tarbe shi da fara'a, ya kuma rufe zancen da sauri.

"Mutumina, bar ni kawai. Mai leƙen hanyar da sai an nuna masa hanya, ai ya zama kaya."

Babban ɗan Mai Fitila ne ya ba shi labarin wata manhaja da masu irin wannan wasa ke amfani da ita a kwamfuta. Taswira na fitowa a allo, ana iya ƙara mata girma yadda aka ga dama, ita da kanta take rufe inda ba a kai ba da duhu.

"Baba, kowa ma sai ya zauna a gidansa ya shiga ta waya, ba sai an taru ba."

"To wa zai miƙa wa Tela shayi?" in ji Mai Fitila. "Manhajar nake so. Zaman gida ka riƙe abinka."

Akwai wata ƙatuwar talabijin a shagon da ta kurumce, mai ita ya yafe ta ya sayi sabuwa. Hoto kuwa tar. Mai Fitila ya fafe tsakiyar teburin, ya kwantar da ita rigingine, ya ɗora gilashi mai kauri a kai don kada kofin shayi ya yi ɓarna, ya ɗaura ƙaramar fanka a ƙasa saboda zafi. Wannan duk wasa ne a wurinsa. Manhajar ce ta ba shi wuya. Mutumin da ke gane cutar talabijin daga ƙarar da take yi, ga shi ya zama ɗan koyo da furfurarsa, yana danna abu ɗaya wani na ɓacewa. Matarsa ta ce ta sha jin sa yana yi wa kwamfuta magana da muryar da bai taɓa yi wa ɗan'adam ba. Amma ya nace har ya iya. Ya gina wani gari na ƙarƙashin ƙasa, bango fari fat mai kauri a kan baƙin fili, ƙofofi manya, gunkin Tela kuwa rawaya shar, ya fi na kowa girma.

Mai Fitila, kai ne wanda bai ce wa abokinsa "yi haƙuri, haka Allah ya so" ya koma gefe ba. Haƙurin ka ba shi, sannan ka ɗauko zarto.

Da ƙyar Tela ya yarda zai zo, shi ma da sharaɗi: sau ɗaya, don ya yi sallama da tebur. Kowa a ɗakin ya san abin da ke ƙasa. In yau ma ya laluba ya rasa ƙofa, ba zai sake takowa ba.

Yadda abin ke aiki, kwamfutar Mai Fitila ce ke nuna masa komai, teburin kuma ya nuna wa 'yan wasa ɗan abin da fitila ta haska. Sai dai a ranar, garin ɗoki, ya manta bai raba allunan biyu ba. Yana jona waya sai teburin ya kawo abin da ke gabansa kaf. Garin gaba ɗaya ya bayyana a ƙanƙance: tarkuna da jan alama, ƙofar sirri, ramin dodo, har inda aka ɓoye taska. Aikin watanni ya tonu a gaban jama'a. Ya fizge wayar, amma ina, ido ya riga ya ci.

Direba ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa don dariya. Anti Nas ta toshe baki. Mai Fitila kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, domin wasan da aka san sirrinsa ya mutu, kuma ba shi da wata Asabar ɗin da zai roƙa.

"Me ya faru ne?" in ji Tela. "Wuta ce ta ɗauke?"

Mai Fitila ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ga sauran.

"Wa ya gani?"

"Yaya, har ramin dodon na gani," in ji Anti Nas.

"Maigida, ni kam yau ko ido rufe ba zan ɓata ba," in ji Direba.

"Kai fa, mutumina?"

"Haske na gani da ɗigo-ɗigo ja, kamar an zubar da gwangwanin maɓallai."

Sai Mai Fitila ya gyara zama, ya raba allunan yadda ya kamata, ya sauya murya zuwa ta labari. Ya ce da jaruman suka sauka matakalar garin, wani hayaƙi ya taso ya shaƙe gwarzo mai guduma da abokinsa, harshensu ya ɗaure. Suna gani, suna tafiya, amma ba magana, ba nuni, ba ƙifta ido. Mai leƙen hanya kaɗai ya tsira, shi zai ja su.

Tela ya haɗe rai. "Tausayina kake ji ke nan."

"Tausayin kaina nake ji. Ka san wahalar da na sha a garin nan? Waɗannan biyun sun leƙa tukunya. Kai kaɗai ka rage da zan iya yi wa wayo."

Teburin ya yi baƙi ƙirin, sai da'irar haske guda a tsakiya, rawayan gunki a cikinta. Mai Fitila ya ƙara girman wurin har bangon ya kai kaurin yatsa biyu. Tela ya sunkuya, hasken na dukan fuskarsa.

"Ga ƙofa nan a hagu," ya ce a hankali. Ya ɗora yatsa daidai kanta. "Ga wata kuma can gaba. Ta hagun za mu bi."

Ta hagun ita ce mai tarko. Anti Nas ta ciji gefen mayafinta, Direba ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar mai neman agaji. Aka jefa ƙwaya, ƙasa ta buɗe, su ukun suka zurma cikin ramin taɓo. Tela ya yi dariyar da ta girgiza kofunan shayi. Waɗanda suka halarta sun ce a yammacin nan da wuya in akwai tarkon da Tela bai kai su ciki ba, kuma kowanne da idonsa ya zaɓi hanyarsa. Taskar ma ba su same ta ba. Da hayaƙin ya sake su a ƙarshe, abin da Anti Nas ta fara cewa shi ne, "Baba Tela, Allah ya isa tsakanina da kai," tana share hawayen dariya, ko da yake yayanta ya ce ba duka ne na dariya ba.

A bakin ƙofa Tela ya tsaya yana laluben takalminsa.

"Asabar mai zuwa ka matso min da kujera ɓangaren taga. Kuma garin nan, ai ba mu gama shi ba."

Shekaru sun wuce tun ranar, bai sake fashi ba. Teburin ya ƙaru da wata maƙwabciya mai ƙarancin ji, Mai Fitila ya koyi fito mata da muhimman maganganu a rubuce a gefen taswira. Tela kuwa shi ke riga kowa zuwa, kuma da dalili. Ya gano cewa in aka mai da teburin fari tas, yana iya hango kafar allura a kan hasken. Don haka kafin a fara wasa Mai Fitila kan kunna masa farin allo, ya juya baya kamar yana neman wani abu, har sai ya ji an ce, "Zare ya shiga."

Kai ne mai haska gaban wani, Mai Fitila. Ka karɓi na'urar da za ta iya zaunar da kowa a ɗakinsa, ka mai da ita abin da ke tara mutane gwiwa da gwiwa. Ka yi kuskure a gaban jama'a, maimakon ka tsaya wanke kanka, ka duba wa kuskuren zai amfana. Mun gode maka da talabijin ɗin da ka tayar, mun fi gode maka da abokin da ka hana ja labule. Allah ya sa hutun nan ya zame maka alheri, ya ƙara wa idanunka da hannuwanka lafiya.

Mu kuma da ke karatu, ba sai mun iya manhaja ba. Kowa ya duba teburinsa, na wasa ne ko na aiki ko na cin abinci, ya ga wa ya fara yawan uzuri, ya tambayi kansa me zai fafe, me zai matsar, don mutumin ya dawo.

Kayan aikin shago duk ya bar wa magajinsa, teburin kaɗai aka riga aka kai gida tun kafin ranar miƙa makulli. Matarsa ta ce ba za a ajiye mata shi tsirara a falo ba, sai an samo mayafi. Ranar da aka sauke shi sai ga Tela da ƙunshi a hammata. Tsofaffin ƙyallayen nan ne da ake rufe taswirar takarda da su, ya haɗe su wuri ɗaya da allurar hannu, kaɗan-kaɗan, Asabar bayan Asabar. Ɗinkin ya karkace, wani wurin zaren ya yi tsalle. Matar ta shimfiɗa shi ta shafa, ta ce ya yi.

Mai Fitila ya bi layin ɗinkin da yatsa har ƙarshe.

"Kada ka duba da kyau," in ji Tela.

"Ai inda fitila ta kai kawai nake gani," in ji Mai Fitila. "Zauna, ga kujerarka can wajen taga."