Tannie Katriena da Ramukan Dutsen Kunkuru

Ƙarfe bakwai na safe, tun furannin Dutsen Kunkuru ba su buɗe ido ba, Tannie Katriena Swarts, wato Inna Katriena a yaren mutanen nan, ta riga ta iso bakin ƙofar shiga dutsen ta jingine sandarta. A kafaɗarta akwai tsohuwar jakar buhu. A ciki za ka tarar da igiyoyin kare guda huɗu da ta kitsa da hannunta, da ƙullin ledoji, da gorar shayin rooibos, da guntun burodin gashi. Sai ta zaga hanyar dutsen mai kilomita uku ita kaɗai, tana gyara turakun da iska ta kwantar, tana kwashe abin da karnukan jiya suka bari, tana tsayawa nan da can ta leƙa ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan aiki a ƙarƙashin majalisar garinmu na Rooiduin. Ƙarshen watan nan za ta aje shi, don gwiwoyinta sun ce sun gaji.

Hanyar ta kowa ce. Masu gudu na bi, masu keke na bi, tsofaffi na bi da sandunansu, masu karnuka kuwa ba a magana. Idan ruwan saman lokacin sanyi ya ɗauke, Agusta ta shiga Satumba, dutsen ya rufe da fure fari da rawaya da ja har ƙasa ta ɓace, sai baƙi su cika gari. A lokacin ne aikinta yake zama aiki.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita a ƙofar ya san yadda take yi. Ba ta fara magana da mutum, da karensa take farawa. Wata Asabar wata budurwa 'yar Cape Town ta fito daga mota da wani ɗan farin kare mai gashi kamar auduga, ta sake shi haka nan.

"Kai kuma wa ye sunanka, ranka ya daɗe?" in ji Tannie Katriena, ta sunkuya wajen karen.

"Biskit," in ji budurwar. "Kada ki damu, Tannie, ba ya cizo. Yana jin magana sosai."

"Ai na ga alama. To kira shi mu gani."

Budurwar ta kira sau uku. Biskit na can tsakiyar fure yana birgima, ƙafafu a sama.

"Yana ji, 'yata," in ji Tannie, "amsawa ce bai koya ba tukuna. Ungo igiya. Idan kin dawo ki rataye ta a nan. Ungo leda kuma, don na ga ya ci ya ƙoshi."

Budurwar ta yi dariya ta karɓa. Haka ake rabuwa da ita. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan kowa ba, kuma da wuya ka ga wanda ya wuce ta da sakakken kare.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ita kanta ba ta taɓa ajiye kare ba. Tana yarinya a gonar dankalin da iyayenta suke aiki, karen mai gona ya cije ta a ƙauri, tabon na nan har yau. Na tambaye ta yadda aka yi ta ƙare a cikin karnuka. Ta ce, "Tsoronsu ne ya sa na dinga kallonsu. Kallon ya yi yawa har na fara gane abin da suke nufi." Haka take da komai. Me ya sa wannan furen yake bin rana da fuska? Me ya sa fakara take ƙwai a ƙasa a fili, inda ko wane hanci zai same shi? Makarantarta ba ta wuce aji biyar ba, amma malaman jami'a da suke zuwa ƙirgar tsirrai ita suke bi a baya, tana nuna musu da sanda.

Ke ce mai tambayar ƙasa, Tannie, kuma ke ce mai haƙurin jiran ta ba ki amsa.

Garin bai san darajar wannan hali nata ba sai shekara shida da suka wuce. A bayan dutsen akwai wani ɗan lungu mai damshi inda furen da muke kira ɗan kofi yake fitowa, bakinsa shuɗi, cikinsa ja kamar an zuba masa jini. Ba shi da yawa, kuma saboda shi wasu suke tuƙo mota awa biyu. Wata Litinin aka wayi gari lungun ya zama ramuka, kusan rabin furen a kwance. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa kare ne. Kafin la'asar an san ma wane kare: Sersant, ƙaton karen Oom Barend Lategan, wato Kawu Barend, don an ga karen ranar Lahadi da ƙasa a hanci.

Oom Barend tsohon direban jirgin ƙasa ne. Matarsa ta rasu shekara guda kafin nan, kuma kowa ya san ba don Sersant yana jan hannun rigarsa kowace safiya ba, da bai ƙara fita daga gida ba. Kansila Delport, wadda take kula da wuraren shaƙatawa, ta sa aka manna takarda: ranar Juma'a majalisa za ta zauna a kan hana karnuka hawa dutsen gaba ɗaya. Ta kuma aika wa Tannie Katriena cewa ta zo ta ba da shaida, tunda ita ce mai gadi.

Ranar Talata Oom Barend ya zo ƙofa shi kaɗai, hularsa a hannu.

"Katriena, ki gaya mini gaskiya. Shi ne?"

"Oom ya sake shi ranar Lahadi?"

Ya sunkuyar da kai. "Minti biyar. Ya yi ta kallona."

"Ni ma yana kallona kullum, ban taɓa ba shi burodina ba," in ji ta. "Ban sani ba tukuna, Oom. Ka ba ni kwana biyu."

Ta koma lungun ta durƙusa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne siffar ramukan. Kare idan yana tono watsa ƙasa yake yi ta ko'ina, ya bar kwararo mai faɗi, kuma ba ruwansa da abin da ya tono. Waɗannan kuwa ƙanana ne, masu tsini a ƙasa, kowanne daidai gindin fure ɗaya. Ganyen na nan a yashe, amma 'yar albasar da furen yake fitowa daga cikinta babu ita. Ta tona rami ashirin da yatsa, ba ta sami ko ɗaya ba, sai ɓawo.

Da yamma ta ɗauko yashi bokiti uku daga rafi, da waɗannan gwiwoyin nata, ta shimfiɗa a bakin lungun ta shafe shi sumul da katako. Safiyar Laraba babu komai sai sawun fakara. Ta sake shafewa. Safiyar Alhamis ta tarar da sawu mai gajerun yatsu, da wasu dogayen layuka kamar an ja tsintsiya a kan yashin, da sababbin ramuka biyu. Ta bi layin har gindin wani dutse. A bakin wani kogo ta tsinci ƙaya doguwa, baƙi da fari.

Ranar Juma'a zauren majalisa ya cika, masu karnuka a gefe guda, masu son fure a ɗaya gefen. Kansila Delport ta ce, "Tannie Katriena, ke kike wurin kullum. Ki gaya wa majalisa ɓarnar da karnuka suka yi."

Tannie ta san wa yake sa hannu a takardar aikinta. Ta tashi duk da haka, ta ajiye ƙayar a kan tebur.

"Ranki ya daɗe, idan akwai kare mai irin wannan gashi a Rooiduin, ni ban san shi ba. Beguwa ce. Albasar take ci. Tana zaune a ƙarƙashin dutsen gabas, kuma ina jin ta riga mu duka zuwa garin nan."

Zauren ya ɓarke da dariya. Masu karnuka suka fara tafi, wani har ya miƙe yana cewa a ba Sersant haƙuri. Fuskar Kansila ta haɗe.

"Ku dakata da tafin," in ji Tannie. "Ban gama ba."

Ta sake zura hannu a jaka ta fito da ƙoƙon bayan ɗan kunkuru, wanda bai fi tafin hannu ba, da hujin haƙori huɗu a jikinsa. Ta ajiye kusa da ƙayar.

"Wannan ba beguwa ba ce. Bana kaɗai guda bakwai na binne. Sheƙar fakara uku aka fasa. Kowannenku yana ce mini minti biyar ne kawai, karensa yana jin magana. Ku arba'in ne. Ku haɗa minti biyar ɗinku ku ga abin da ya zama."

Tafin ya mutu. Oom Barend ne ya tashi a hankali, ya ce, "Ɗaya daga cikin bakwai ɗin na Sersant ne. Na gani, na yi shiru."

Daga nan magana ta canja. Ba a hana karnuka ba. An yanke cewa daga Yuli zuwa Oktoba duk kare sai da igiya, ba a sauka daga hanya, kowa ya tafi da ledarsa, aka kuma ware filin da ke bayan makabarta inda za a iya sakinsu su yi gudu. Wani ya ce a sa wa beguwar tarko. Tannie ta ce a'a, a dai kewaye rabin lungun da waya a bar wa beguwar rabi, don ta lura inda beguwa ta tona shekarun baya nan ne ƙananan furanni suka fi fitowa, kuma tana so ta ga ko haka ne. Kansila Delport ta yi wata biyu ba ta gaishe ta ba. Wasu masu karnukan sun fi haka daɗewa. Tannie dai ba ta fasa miƙa musu leda ba.

Ke ce wadda ta wanke kare ba don ta faranta wa mai kare ba. Ke ce kika ƙi ɗora wa wani laifin da bai yi ba, kika kuma ƙi ɓoye wanda ya yi. Mutane da yawa suna iya ɗaya, kaɗan ne suke iya duka biyun a zama guda.

Sersant ya mutu bara, da tsufa. Oom Barend bai sake ajiye wani ba, amma har yau yana hawa dutsen kowace safiya, kuma shi ne ya fara sa sunansa a takardar waɗanda za su dinga tsayawa a ƙofa bi da bi idan Tannie ta tafi. Zuwa yanzu mutum goma sha ɗaya ne. Da aka gaya mata, sai ta ce, "Goma sha ɗaya? Ashe haka aikin yake da yawa, ba wanda ya gaya mini."

Na tambaye ta abin da za ta yi idan ta zauna a gida. Ta ce akwai wata tururuwa a bayan ɗakin girkinta da take jan ƙwayar fure zuwa rami, kuma tun bara take son sanin me take yi da ita.

Mun gode, Tannie Katriena. Mun gode da yashin nan bokiti uku, da safiyoyin da ba wanda ya gan ki, da gaskiyar da kika faɗa a ranar da kowane ɓangare yake son rabinta kawai. Allah Ya huta da gwiwoyinki, Ya ba ki tsawon kwanan da za ki ga ƙarshen labarin tururuwar.

Mu kuma da muka rage, ranar ɗaya ga wata za mu iso ƙofa mu tarar ba ta nan. Ba wanda zai gan ka idan ka kwance igiya a bayan dutse. Karenka zai kalle ka, zai yi maka kukan nan na tausayi. Ka shafa masa kai, ka riƙe igiyarka, ku wuce.