Fara Uku a Tafin Hansai

Ranar wata Laraba ce da hantsi, ana hutun makaranta, a kakar shekarar da na shiga aji uku na elementare, aka bar ni da kaskon soyayyar fara a tsakar gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Baure. An gama yankan gero, an jera dammuna a bakin rumbu, mu kuma yara aikinmu mu fita da sassafe, kafin rana ta ɗumama wa fara fukafukai, mu tsince ta a jikin kara muna turawa cikin gora. Inna ta tafasa ta, ta shanya, ranar kuma ta soya da man gyaɗa da gishiri da yaji, ƙamshi har bayan danga. Ni aka ba gadi saboda kaji. Wanda ya yanke wannan shawara bai yi bincike ba, domin kajin gidanmu sun fi ni riƙon amana.

Ina cikin rage wa kasko nauyi sai ga Hansai, 'yar Gwaggo Ladi ƙanwar babana, ta shigo aron maburgi. Taubashiyata ce, gidansu na jikin namu, kuma tun da muka iya magana ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya. Ita tana ce mini Na-Boko, saboda na iya rubuta sunana da kuskure ɗaya kacal, ni kuma ina ce mata baiwata. In muna langa da yara ita ce mai yi mini ihu in na faɗi, in suna carafke ni ne mai sace duwatsun. Kowa ya san Hansai ba ta cin fara. A kakar da ta wuce ta ci, jikinta ya yi rudu-rudu da borin jini, ta yini tana susa, Gwaggo ta hana ta. Amma a garinmu akwai maganar da manya suke yi, na sha ji a bakin rijiya da majalisa: “In jiki ya ƙi abu, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba.” Ni kuwa ga ilimin aji uku yana yi mini ƙaiƙayi. Na zaɓo manya uku masu ƙwai, na ɗora mata a tafin hannu, na ce magani ne, in kuma tsoro take ji ta faɗa, in sanar wa duk unguwa. Ta harare ni, ta watsa su baki gaba ɗaya.

Ba a yi tsawon alwala ba ta fara susar tafin hannu da bayan kunne. Sai leɓenta ya kumbura, fatar idonta ta haye. Ta buɗe baki za ta zage ni, murya ta fito a shaƙe kamar ta kwaɗo, ni kuwa na faɗi ƙasa ina dariya. Allah Ya yafe mini wannan dariya. Da na ɗago, ƙirjinta yana fito kamar usur, tana jan iska da ƙyar, ta yi amai, ta jingina da rumbu ta sulale. Abin da na iya ji daga bakinta shi ne, “Ɗanjuma, duhu nake gani.” Tunda ta kira ni da sunana na gaskiya, na san wasa ya ƙare.

Kafin ka ce me, mata sun cika gidan. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi turare. Wata ta ce guba ce, a ɗura mata manja. Biyu suka kama ta a kafaɗa suka miƙar, wai a zagaya da ita tsakar gida abin ya sauka, ƙafafunta na jan ƙasa. Ni kuma na fita da gudu. A garinmu an daɗe ana cewa na tafi neman taimako, ban taɓa musantawa ba. Yau dai na tsufa, bari in faɗi gaskiya: bulalar babana nake gudu. Sai dai hanyar da na bi ta gaban disfensa ta ratsa, malamin asibiti kuma yana zaune a baranda. Ya san ni, don shi ya yi ta fama da gyambon ƙafata. Ya damƙe ni a wuyan riga ya ce wa ya biyo ni. Na faɗa masa ina shessheƙa. Tambaya uku ya yi mini: bakinta ya kumbura? Muryarta ta sauya? Numfashi fa? Ina cewa e na uku ya riga ya rataya jakarsa, ya ɗora ni a kan kekensa.

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Daga zaure ya ce a ajiye ludayin manjan nan, kada a ƙara ɗura mata ko ruwa, za ta shaƙe. Ya sa aka kwantar da ita a tabarma, ya jawo turmin Inna ya kifar, ya ɗora ƙafafunta a kai. Ya fasa wata 'yar kwalba, ya zuƙe ruwanta a allura, ya nufi cinyarta ta waje. Gwaggo ta riƙe bakin zanin ta ce, “Malam, ba a hannu ake yi ba?” Ya ce, “Iya, in an tsaya kunya za a yi jana'iza.” Ya soka. Ya ciro agogo yana kallo, da ya ga fiton bai lafa ba bayan 'yan mintuna, ya ƙara mata ta biyu. Can sai ga Hansai ta ja numfashi mai tsawo, ta buɗe ido ɗaya, ta neme ni cikin taro ta ce, “Na-Boko, sai na rama.” Gwaggo ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Bai bar ta a gida ba. Aka ɗauke ta a kwance a kan ƙyaure zuwa disfensa, ta kwana can, domin ya ce abin yakan lafa ya dawo bayan sa'o'i. Washegari ya tara mu ya ce sunan allurar adiranalin, ita kaɗai ke tare wannan ciwo, kuma da an ci gaba da yawo da ita a tsaye, da zuciyarta ta tsaya. Ya ce wani fara ce, wani gyaɗa, wani harbin zuma, wani ma allurar asibiti, kuma irin wannan jiki ba ya sabawa, na gaba yakan fi na baya muni. Daga makarantar boko na fita a aji huɗu da ɗan abin da na samu, amma wannan karatu na haddace shi ba gyara. Bulalar ma na sha, kada wani ya zaci an manta.

Hansai ta rama, domin ita na aura. Ranar da ta tare ta kafa doka: fara ba ta shiga gidan nan, ko a baki, ko a aljihu. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na ce mata zan kai kaina gaban alƙali a yanke mini hukuncin fara uku, ta ce in zauna, ita ta riga ta yanke, ɗaurin rai da rai ne, kuma ba ɗaukaka ƙara.

Yanzu akwai babur a kowane lungu, akwai waya a kowane aljihu, amma har yau ina jin masu cewa a ba jiki kaɗan-kaɗan. In na ji, sai in dogara sandata in yi musu tambaya ukun nan, in ce su kwantar da mutum, su ɗaga ƙafa, su nemi allura da gaggawa, su bar manja a miya. Hansai ta rasu bara waccan, da tsufanta, a kan gadonta, ba fara ba. Da kaka masu kawo buhunan fara daga Kongolam ta bakin iyakar Nijar sukan wuce ta ƙofar gidana, jikoki su ce, “Kaka, ai yanzu ba mai hana ka.” Nakan shaƙi ƙamshin in ce su wuce da ita. Wadda ta kafa dokar ba ta ɗage ta ba.